Sawun Ƙanƙara

Dutsen da Kawu ya dage sai mun je mun gani, a idona dai ba na a zo a gani ba ne. Yana zaune shi kaɗai cikin daji a saman garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan, girmansa ya yi gida guda, gansakuka ta lulluɓe masa baya. Mutanen wurin suna ce masa Pierre à Bot, wai dutsen kwaɗo. Saboda shi muka yi fiye da sa'a guda a jirgin ƙasa daga Jeniba, muka kuma hau tudu ina fama da jaka biyu, Kawu na gaba yana dogara sanda kamar ba shi ne aka ce gwiwa ta hana sakat ba.

Farkon watan Satumba ne na 2023. Kawu ya yi sama da shekara 30 yana koyar da ilimin siffofin ƙasa, wanda masu fannin ke kira jiyomofoloji, wato nazarin yadda tudu da kwari da jigawa da gaɓar kogi suka sami kamannin da suke da shi. Wani taro ne ya kai shi Jeniba, dangi suka ce ba zai tafi shi kaɗai ba, ƙuri'a ta faɗo kaina. Ni kuwa da ma an san ni da gardama. Tun muna cikin jirgin sama na fara tsokanarsa.

"Kawu, wannan batu na sauyin yanayi ni fa ina ganin an ƙara masa gishiri. Yaushe ma aka fara rubuta abin da ma'aunin zafi ke nunawa? Shekara 150 da 'yan kai. Duniya kuma tun yaushe take? Wanda ya leƙo ta taga na minti ɗaya ai ba ya ba da labarin yini."

Ko ido bai buɗe ba. "Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa, ɗana. Bari mu sauka tukuna."

To, ga mu mun sauka. Bai fara nuna mini ƙaton dutsen ba, sai ya sa na durƙusa na share busassun ganye daga wani fale-falen dutse da ke shimfiɗe a ƙasa. Fari-fari ne, da na goga masa makulli sai ya bar layi. Ya ce dutsen farar ƙasa ke nan, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, kuma tsaunukan Jura da muke kai kusan duk da shi aka yi su. Sannan ya ce in je in taɓa wancan. Shi wannan jikinsa ɗigo-ɗigo ne, fari da baƙi da ruwan toka, wasu na ƙyalli. Makullin zamewa ya yi.

"Giranit ne," in ji Kawu. "Duk faɗin Jura ba za ka sami uwarsa ba. Danginsa suna can yankin Mont Blanc, tsauni mafi tsayi a jerin tsaunukan Alps, fiye da kilomita 100 daga nan. Tsakani akwai kwari, akwai fili, akwai tafkin nan da kake hange a ƙasa. Wa ya ɗauko shi ya haye duk wannan, ya kuma hau tudu da shi?"

Na ce ruwa.

"Ruwa na hawa tudu da kaya? Dubi kusurwoyinsa. Dutsen da kogi ya mirgina ai sulɓi yake komawa kamar ƙwai. Wannan goyo aka yi shi."

Mai goyon ita ce abin da zan riƙa kira kogin ƙanƙara: dusar ƙanƙara da ke zuba a kan tsauni ba ta narkewa duka, ta bana ta danne ta bara, har ta zama ƙanƙara mai tauri, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa sannu-sannu, duk abin da ya faɗo mata a baya ta tafi da shi.

Masanan Turai na farkon ƙarni na 19 amsata suka fi riƙewa, cewa wata gagarumar ambaliya ce ta watso irin waɗannan duwatsu. Cikin waɗanda suka fara kawo wata magana daban akwai wani manomi mafarauci, Jean-Pierre Perraudin, mutumin ƙauyen Lourtier a kwarin Bagnes. Yana yawon farauta ya lura cewa irin karcen da ƙanƙara ke bari a jikin dutse idan ta ja baya, shi sak yake gani can ƙasa, nesa da inda ƙanƙara take, kuma duk layukan sun miƙe sun bi tsawon kwarin. A 1815 ya gaya wa Jean de Charpentier, shugaban mahaƙar gishiri ta Bex, cewa ƙanƙara ta taɓa cika kwarin har Martigny. Charpentier ya ɗauki zancen shirme, sai da injiniya Ignaz Venetz ya bi diddigi ya zo da irinsa sannan ya sauko. Louis Agassiz, wanda sunansa ya fi fita, shi ma da shakka ya je Bex a 1836, ya dawo ya fi masu maganar zaƙewa. A 1837, cikin wannan gari na Neuchâtel da muke hange ta tsakanin itatuwa, ya tashi gaban taron masana ya ce an yi zamanin da ƙanƙara ta rufe babban yanki na arewacin duniya. Manyan masanan lokacin ba su ji daɗin maganar ba, sai bayan shekaru da dama aka yarda da ita. Littattafan makaranta sun fi sanin Agassiz, mafaraucin kuwa sai mai tono. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai muna gangarowa shi ne, ashe hujjar farko da ta nuna wa mutane cewa yanayin duniya kan juya gaba ɗaya daga dutse da karce aka samo ta, tun kafin a tara wani dogon lissafin ma'aunin zafi.

Washegari muka bi hanyar da baƙon dutsen ya biyo, amma ta baya. Jirgi ya bi gefen tafkin Jeniba ta Lausanne da Montreux, tafkin da zurfinsa ya kai mita 310 kuma ƙanƙara ce ta ƙwaƙule kwarinsa, sannan ya shiga kwarin kogin Rhône: Martigny, Sion, Brig. Kawu ya sa na mai da waya aljihu. Ya ce kwarin da kogi ya yanka da kansa kamar gwafa yake, tsukakke a ƙasa, buɗaɗɗe a sama. Wannan kuwa gindinsa faffaɗa, bangonsa a tsaye, kamar cikin kwale-kwale. Ƙananan kwaruruka da ke shigowa daga gefe can sama suka tsaya, bakinsu a rataye, ruwansu na zubowa daga bango, domin babbar ƙanƙara ta fi ƙananan haƙa. Ya nuna mini yadda kafaɗun tsaunuka suka yi sumul har zuwa wani tsayi, daga nan sama kuma sai tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Iyakar sumul ɗin nan ita ce inda ƙanƙara ta kai shekara 20,000 da ɗoriya da suka wuce. Inda jirginmu ke gudu, kaurinta ya fi kilomita guda. Ruwan da ta riƙe, ita da 'yan'uwanta na sauran duniya, ya sa teku ta yi ƙasa da inda take yau da wajen mita 120.

Daga Brig muka canza ƙaramin jirgi zuwa Oberwald, daga nan bas ta hau da mu Gletsch. Wuri ne mai 'yan gine-gine a tsayin mita 1,760 ko kusa da haka, bayansa shimfiɗaɗɗen fili da kogi ke ratsawa. Ruwan kogin fari-fari ne kamar an wanke alli a ciki. Garin dutse ne da ƙanƙara ta niƙa. Wannan ɗan ruwan da yaro zai iya jefa tsakuwa ya haye shi ne Rhône ɗin da ke ratsa Lyon a Faransa ya faɗa Bahar Rum.

Kawu ya zaro kwafin wani tsohon hoto daga jakarsa, na tsakiyar ƙarni na 19. An ɗauke shi kusa da inda muke tsaye. A cikin hoton, ƙanƙara ta gangaro daga bango ta baje a filin kamar tafin zaki, ta cika shi gefe zuwa gefe, 'yan gine-ginen sun zama kamar akwatunan ashana a gabanta. Na ɗaga kai na dubi wurin. Ciyawa, ƙananan itatuwa, tsakuwa. Can ƙarshen fili bangon dutse ne tsirara, ruwa na faɗowa ta kansa. Ƙanƙara ko ta shafawa a ido ba a hango ta.

Ba mu yi nisa ba muka iske wani ɗan tudu mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, ya gitta filin. Da ni kaɗai ne, hayewa zan yi ban san na haye wani abu ba. Kawu ya tsaya inda ruwa ya ɓantare gefensa, ya sa sanda yana tonowa. Ƙaton dutse, tsakuwa, yashi, laka, duk a cakuɗe.

"Kogi tankaɗe kayansa yake yi, manya nan, ƙanana can. Ƙanƙara kuwa jibgewa take. Wannan jujinta ne. Duk inda bakinta ya tsaya na wasu shekaru, nan take zubar da sharar da ta kwaso. Wannan na 1856 ne."

Na tambaye shi yadda ake sanin shekarar juji in babu hoto. Sai ya sa ni durƙuso karo na biyu. A jikin wani dutse akwai tabo-tabo, rawaya mai ɗan kore, da baƙaƙen layuka kamar taswira. Wata irin gansakuka ce mai jinkirin girma, ba ta kama dutse sai ƙanƙara ta sake shi. Masu bincike kan auna faɗinta a jikin abin da aka san shekararsa, kamar dutsen kabari ko tsohon bango, su gane saurin girmanta, sannan su zo su auna mafi faɗi a kan juji. Akwai kuma ƙirga zoben itacen da ya fi tsufa a kan tudun, akwai gwajin kabon da ake yi wa kututture ko tsohuwar ƙasar da jujin ya binne. Kowace hanya da inda take tuntuɓe, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku a ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

"Sai dai akwai matsala guda," in ji shi. "Sawun giwa ya take na raƙumi. Idan ƙanƙara ta zo ta ajiye juji, daga baya ta dawo da ƙarfin da ya fi na da, share shi take yi. Juji yana gaya maka lokutan da ta yi girma. Lokutan da ta ƙanƙance ba ya cewa komai."

Ban kawo maganar nan a bakin komai ba a lokacin. Ashe shimfiɗa yake yi.

Bas ta ɗauke mu ta hanyar Furka, kwana bayan kwana, har cikina ya fara juyawa. Wajen tsayin mita 2,300 muka sauka, muka bi wata 'yar turba, sai ga ta. Gaskiya ban zaci haka take ba. Na zo da hoton abu fari tas a kaina, na tarar da abu ruwan toka, ƙura da tsakuwa sun ɓata shi, sai cikin tsagogi ne kake ganin shuɗi mai kyan gaske. A gabanta akwai tafki da guntayen ƙanƙara ke yawo a kai, tafkin da shekara 20 kafin zuwanmu babu shi. Wani sashe na bakinta an lulluɓe shi da fararen barguna don a rage narkewa, domin a nan ake haƙa kogon da masu yawon buɗe ido ke shiga. Bargunan sun yi dauɗa, wasu sun yage suna reto. Inda aka rufe ya fi inda ba a rufe ba tudu sosai, abin da ke nuna dabarar tana aiki, amma kogin ƙanƙara mai tsawon kusan kilomita 8 wa zai saya masa bargo? Abin da ya fi damuna shi ne ƙara. Ko'ina ɗis-ɗis, ko'ina shuu, ƙarƙashin ƙafa ruwa na gudu ba ka ganinsa. Rigar sanyin da na sha wahalar ɗaukowa a hannu na riƙe ta. Makonni biyu kafin nan, cikin watan Agusta, balan-balan ɗin masu hasashen yanayi ta tashi daga garin Payerne na Suwizalan sai da ta kai mita 5,298 kafin ta sami iskar da ke daskarar da ruwa, tsayin da ya wuce ƙololuwar Mont Blanc kanta.

Kawu ya zauna a kan wani fale-falen dutse mai santsi, ya kama hannuna ya ɗora a kai. Sumul kamar an goge da dutsen guga, amma in ka ja yatsa a gicciye sai ka ji layuka siri-siri, duk sun fuskanci gangare. Karcen Perraudin ke nan, sabo fil, don dutsen bai daɗe da fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara ba.

"Zauna," ya ce. "Zan ba ka makamin da ya fi duk waɗanda ka zo da su, in ga abin da za ka yi da shi."

Ya ce akwai wasu ƙwayoyin haske masu ƙarfi da ke zubowa duniya daga sararin samaniya dare da rana. Idan suka bugi dutsen da ke fili, sukan haifar da wasu sinadarai kaɗan-kaɗan a cikinsa, daga ciki akwai beriliyom-10 da kabon-14. Idan ƙanƙara mai kauri ta rufe dutsen, sai haihuwar ta tsaya. Kabon-14 rabinsa kan lalace cikin shekara 5,730, shi kuwa beriliyom-10 sai ya haura shekara miliyan guda kafin rabinsa ya tafi. Agogo biyu ke nan, ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe. In ka gwama su, za ka san tsawon lokacin da dutsen ya sha rana da tsawon lokacin da ya yi a rufe. Wasu masu bincike, Brent Goehring da abokan aikinsa, sun fasa samfuri daga irin wannan dutse da ke gaban ƙanƙarar Rhône, suka buga sakamakon a 2011. Abin da suka samu shi ne, cikin shekara 11,000 da suka wuce, ƙanƙarar nan ta fi daɗewa tana ƙasa da girman da take da shi a lokacin binciken fiye da yadda ta daɗe tana sama da shi.

Na miƙe tsaye. "To ai magana ta ƙare, Kawu! Babu mota, babu masana'anta, ƙanƙara ta gudu don kanta. Ashe da gaskiyata."

"Gaggawa aikin shaiɗan. Wa ya tono wannan hujja? Mu ne, masu fannin, ba kuma mu ɓoye ta ba. Amma in an ce ka yi zazzaɓi shekara goma da suka wuce saboda sauro, shi ke nan duk zazzaɓin da ka yi bayan nan sauro ne? Ai sai an duba jini."

Duba jinin ya ɗauke mu kusan sa'a guda, har bas ɗaya ta wuce mu. Duniya a karkace take juyawa, hanyar da take bi ta kewaya rana kuma ba cikakkiyar da'ira ba ce. Karkatar kan ƙaru ta ragu cikin shekara kamar 41,000, lokacin da duniya ke fi kusantar rana kuma yakan zagaya watannin shekara cikin kamar 21,000. Wani masanin lissafi ɗan Sabiya, Milutin Milanković, shi ya zauna ya lissafta wannan da hannu a farkon rabin ƙarni na 20. Shekara 10,000 da suka wuce, lokacin zafi na arewacin duniya yana faɗowa ne daidai sa'ad da duniya ke kusa da rana, karkatar ma ta fi ta yau. Rana ta yi ƙarfi a watannin narkewa, ƙanƙarar Alps ta ja baya. Wannan dalilin dai shi ya ja damina ta shiga cikin Sahara, tafkin Chadi ya kumbura ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, tsohuwar gaɓarsa ma tana nan har yau, dogon tudun yashi da ya bi ta Bama. Tun daga wancan zamani ƙarfin ranar lokacin zafi a arewa raguwa yake yi sannu a hankali. Ƙanƙara ta riƙa ci gaba tana ja baya, amma ci gaban na rinjaye, har ta kai jujin 1856 da muka taka da safe, wanda yana daga cikin mafi nisan da ta kai a duk tsawon shekarun nan.

"Yau duniya a farkon Janairu take kusantar rana, tsakiyar hunturun arewa. Lissafin sama yana bayan ƙanƙara, ba ya gāba da ita. Ita kanta ranar, tauraron ɗan'adam na auna ƙarfinta tun 1978, ba ta ƙaru ba. Wanda ya kore ta wancan karon yana da shaidar cewa ba ya nan. To wa ke korar ta?"

Ya ce a nan fanninsu yake miƙa wa wasu fannoni magana. Kumfar iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa cikin shekara 800,000 iskar kabon dayoksaid, mai riƙe zafi a duniya, ba ta wuce wajen kashi 300 cikin miliyan ba. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. A shekarar da muke zaune kan dutsen nan ta kai wajen 420. Suwizalan, wadda ke rubuta zafinta a tsare tun 1864, ta ɗumama da fiye da digiri 2 da rabi, kusan ninkin na duniya gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa girman da nake gani ma bashi ake bin ta, domin kogin ƙanƙara ba ya amsa kira nan take, jikinsa na yanayin shekarun baya ne. Ko zafi ya tsaya cak a inda yake, za ta ci gaba da ja baya shekaru masu yawa.

Ban sallama nan take ba. Na ce ƙanƙara guda ai tana iya raguwa don ƙarancin dusa, ba lallai zafi ba. Ya ce wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Amma idan ta Alps da ta Andes da ta Himalaya da ta Alaska da ta Niyu Zilan duk suka juya baya a zamani guda, ba za a ce sun haɗa baki ba ne. Na rasa ta cewa, sai na ce bas za ta sake wuce mu.

Kwana na uku muka koma Fiesch, muka shiga motar nan da ke tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe, ta haura da mu Eggishorn, kusan mita 2,900. Kaina ya yi ta sarawa, amma da na leƙa sai na manta. Aletsch ke nan, mafi girman kogin ƙanƙara a Alps, tsawonsa wajen kilomita 20, ya lanƙwaso tsakanin tsaunuka kamar wata babbar hanya, da baƙaƙen layuka biyu a tsakiyarsa kamar sawun taya. Layukan tarkacen dutse ne, inda rassa uku suka haɗu kowanne ya kawo sharar gefensa. Wannan karon ban jira Kawu ya nuna mini ba. A jikin bangon kwarin, gefe da gefe, akwai wani faffaɗan ɗamara mai haske, tsirara, daga bakin ƙanƙara zuwa can sama inda launi ya canza ya yi duhu, tsirrai suka fara. Kamar alamar da ruwa ke bari a cikin randa. Na ce masa nan ta kai a wajen 1850. Ya dube ni ya ce, "Ka fara iya karatu."

Mutanen Fiesch da Fieschertal sun sha wuyar wannan ƙanƙara. Tana cin makiyaya, tana tare ruwa ya taru ya ɓalle musu. A 1678 suka ɗauki alkawarin yin addu'a kowace shekara don ta daina ci gaba. A 2009 jikokinsu suka nemi izinin Fafaroma Benedict na 16 su juya addu'ar, a 2010 aka ba su. Yanzu roƙo suke kada ta ƙare.

Kawu ya nuna mini wani gangare can ƙasa wajen kudu, Moosfluh. Shekaru dubbai ƙanƙara na tokare da gindinsa kamar yadda ake tokare katangar da ta tsage. Da ta yi ƙasa, sai gangaren ya fara zamewa. A kakar 2016 akwai inda yake motsawa kusan santimita 80 a rana, ƙasa ta tsattsage, aka rufe hanyoyin masu tafiya a ƙafa. Can sama kuma, a cikin tsagogin manyan tsaunuka, akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa rani da damina, ita ke riƙe da duwatsu kamar siminti. Ita ma ɗumi na isa gare ta. A watan Agustan 2017 wani ɓangare na tsaunin Cengalo ya ruguzo, mutum 8 masu yawon tsauni suka rasu, laka da duwatsu suka gangara har ƙauyen Bondo. Ya ce rabin aikin ɗaliban fanninsu na Turai yanzu ya koma nan, dasa na'urori a jikin gangare suna sauraron motsinsa.

Bayan mun dawo da 'yan makonni masu sa ido kan ƙanƙarar Suwizalan suka fitar da lissafin shekara: kashi 6 cikin 100 na jimillar ƙanƙarar ƙasar ya tafi a 2022, kashi 4 a 2023. Cikin shekara biyu an yi asarar da ta kai ta tsakanin 1960 da 1990. Na tura wa Kawu, ya amsa da kalma ɗaya: "Bashi."

Ranar 28 ga Mayun 2025 da dare ya kira ni, abin da ba ya yi. Ya ce in buɗe labarai. Ƙauyen Blatten ne, a kwarin Lötschental, wanda jirginmu ya wuce ta bakinsa tsakanin Sion da Brig ba tare da na ko waiwaya ba. Kwanaki tsaunin Kleines Nesthorn yana zubo duwatsu a kan ƙanƙarar Birch, nauyi ya yi mata yawa, ta ɓalle gaba ɗaya ta rufto. Kusan duk ƙauyen ya binne, kogin Lonza ya toshe, ruwa ya taru ya cinye gidajen da suka tsira.

"Kawu, ɗumamar ce?"

Ya yi shiru, ina jin numfashinsa. Ya ce tsaunin da ma mai rauni ne tun asali, narkewar ƙanƙarar cikin tsagogi tana cikin waɗanda ake tuhuma, amma sai an auna kafin a raba wa kowa kasonsa. Abin da yake so in lura da shi daban ne. Mutanen ƙauyen wajen 300 ne, kuma tun ranar 19 ga wata aka kwashe su, kwana tara kafin abin ya faru, domin masu lura da gangaren sun ga yadda motsinsa ke ƙaruwa. Mutum ɗaya aka rasa. Har dabbobi an fitar, ya ce in nemi hoton saniyar da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke a rataye, ƙafafunta na reto a saman kwarin. Na nemo shi muna kan waya. Sannan ya tambaye ni ko hotunan da na ɗauka a Gletsch suna nan, yana son na jujin nan inda ruwa ya ɓantare, wanda sandarsa ta fito a ciki.